Digiri a fannin sana'ar hannu da zayyana: me ake koyowa a jami'a wanda babu shi a karofi?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso, kuma tambaya guda ce ke ta shigowa akwatin saƙo. Yaro yana da hannu, ya iya zane, ko kuwa gidansu gidan rini ne ko saƙa ko ginin tukwane. Shin ya je ya yi shekara huɗu ko biyar yana karanta Industrial Design, ko ya zauna gaban gwani ya koya? Muna da masana a nan. Don Allah a kawo bayani mai hujja, ban da "wai" da "an ce".

Malamin Situdiyo: Wa alaikumus salam. Bari a fara raba abu biyu da iyaye ke haɗawa. Fine Arts daban, Industrial Design daban. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duka suna ƙarƙashin tsangayar Environmental Design, amma kowanne sashensa. Na farko zanen fenti ne da sassaƙa da tarihin fasaha. Na biyu kuwa tsara kayan amfani ne: yadi, kayan yumɓu, zanen ɗab'i da talla. Aikin gilashi ma yana nan a tsangayar. Akwai kwas ɗin a ATBU Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, da ta fasaha da ke Akure. Jami'o'in fasaha shekara biyar suke yi, Zariya huɗu. Mai ND ko NCE a fannin yana iya shiga ta DE, wato shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu.

Darussan da ake nema a JAMB sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, jami'o'in fasaha sun fi karkata ga lissafi da kimiyyar sinadarai. Saboda haka a buɗe kundin JAMB na shekarar a karanta layin makarantar da ake so kafin a zaɓi darasi. Yara da yawa suna cin maki mai kyau su rasa gurbi don haɗin darussansu na wata jami'ar ne.

Shekarun farko kowa yana taɓa komai: zane da fensir, ilimin launi, tsarin siffa, ɗan yumɓu, ɗan rini, ɗan ɗab'i. Daga baya mutum ya zaɓi ɓangare guda. Sai wata shida na SIWES, wato koyon aiki a aikace, a wajen makaranta, sai furojet na ƙarshe da baje kolin aiki.

Baba Marini: Malam, Allah ya ƙara sani. To amma ni tambayata guda ce. Marinar Ƙofar Mata an rubuta 1498 a ƙofarta. Wace jami'a ce ta koyar da waɗanda suka haƙa ta? Turkuɗin Kura ya kai har cikin Sahara, Buzaye na naɗa shi, ba a ji an ce mai digiri ne ya buga shi ba. Yau sai yaro ya gama, a ba shi muciya ya motsa baba, bai san ko ya nuna ko bai nuna ba.

Malamin Situdiyo: Baba, wannan gaskiya ce, ba mai musu. Jami'a ba ta ba da hannu. Zango guda mako goma sha biyar ne ko ƙasa da haka, ɗalibi kuma yana da darussa bakwai ko takwas a kansa. Wanda ya tashi a karofi ya riga shi nisan da ba zai cim masa a aji ba. Abin da jami'a ke bayarwa shi ne awo, da gwaji, da rubuta sakamako, ta yadda abin da aka yi yau za a iya maimaita shi bayan wata shida, ko a miƙa wa wani takarda ya yi shi a wani gari ya fito iri guda.

Hajiya Mai Zayyana: Baba, ranka ya daɗe, bari in kawo misali daga cikin sana'arku. Ƙungiyar mata ta kawo anko, shadda yadi 200, launi guda. An rina 120 yau, sauran 80 sai mako mai zuwa. Marinin zamani da ke awo da cokali da ido, kashi na biyu zai fito ya ɗan fi duhu ko haske, kuma a wurin biki, da aka jeru, kowa zai gani. A situdiyo ba a fara komai sai an ɗora yadin a sikeli yana busasshe. Nauyin yadi shi ke faɗin yawan launi. Idan ana son kashi 2 cikin ɗari, yadi mai giram 500 launinsa giram 10 ne. Ruwa kuma ana ba da lita 20 ga kowane kilo guda na yadi. Idan irin launin da ke kama auduga da taimakon gishiri ne, ana sa gishiri kamar giram 50 a kowace lita, soda ash giram 15 zuwa 20, kuma sodar ba a zuba ta da farko. Sai yadi ya sha launi da gishiri na minti 20 zuwa 30 ana juyawa, sannan a narka ta a zuba. Wanda ya zuba ta tun farko launi zai kama wuri guda kafin ya bazu, yadi ya fito dabbare-dabbare.

Kafin wannan duka akwai matakin da ɗalibai suka fi raina, wato wanke sitaci. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙo daga masana'anta. Sai an dafa shi da sabulu da ɗan soda ash, an ɗauraye, sannan ya sha launi daidai. A kuma zare ɗan zare a kunna masa ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule. Yadin da aka gauraya da roba ba zai taɓa yin duhun da ake so ba, ko an ninka launi.

Baba Marini: Hajiya, wannan rinin bature ne kike faɗa. Rinin baba fa? Shi ma sikeli za a ɗora shi?

Hajiya Mai Zayyana: Shi ne ma ya fi daɗin bayani, Baba. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Dole sai an sami abu biyu: ruwa mai kaifin toka, da abin da zai cire iskar da ke cikin ruwan. A karofi toka da katsi ne ke ba da kaifin, ruɓewar baba na kwanaki kuma ita ke cinye iskar. A situdiyo kostik, wato soda mai cin fata, ke maye gurbin toka, haidiro, wato garin sinadari mai cinye iskar ruwa, ke maye gurbin ruɓewa, abin da ke ɗaukar kwanaki ya koma ƙasa da awa guda. Ma'aunin farawa ga lita 10 na ruwa mai ɗumin digiri 50: shuni giram 30, kostik giram 25, haidiro giram 45, daga nan mutum ya gyara gwargwadon ƙarfin kayan da ya samu a kasuwa. Alamar nuna iri guda ce da taku: sama ta yi kumfa mai ƙyallin jan ƙarfe, ƙasa kuwa kore-kore mai ruwan ɗorawa. Idan ƙasan shuɗi ne, haidiro ya mutu ko ya yi kaɗan.

A tsoma minti 3 zuwa 5 ba tare da fantsama ba, a fitar a shanya wa iska minti 10 zuwa 15, a sake. Duhu daga yawan tsomawa yake zuwa. Wanda ya cika shuni ya tsoma sau ɗaya, launin zai zauna a bayan zare ya riƙa zuba a jiki da kujerar mota. Ku kun san wannan a hannu tun kaka da kakanni. Bambancin kawai, ɗalibi yana da takardar auna kaifin ruwa, idan ta nuna 11 zuwa 12 ya san yana kan hanya.

Gargaɗi ga ƙannenmu: kostik ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan kostik. Haidiro kuma a rufe shi a wuri busasshe, don idan ya sha laima yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. Safar hannu mai tsawo dole ce.

Baba Marini: To madalla. Amma ki gaya wa ɗaliban nan cewa rinin haidiro idan ya kwana ya mutu, karofi kuwa ana ciyar da shi ya yi watanni yana aiki. Kuma ƙyallin turkuɗi ba daga rini yake ba, daga bugu ne da garin shuni. Wannan babu shi a allo.

Hajiya Mai Zayyana: Na karɓa, Baba. Babu shi.

Ƙanwar Kowa: Assalamu alaikum. Yaya Hajiya, me ya sa kakin batik yake narkewa ya ɓata zane idan an tsoma? Sannan Malam, da gaske ne dole sai an yi zanen mutum? Iyaye da yawa a nan suke tsayawa.

Hajiya Mai Zayyana: Ƙanwata, ruwan rininki ne ya yi zafi. Kakin kyandir yana fara narkewa wajen digiri 55 zuwa 60, saboda haka bayan kin haɗa rini ki bar shi ya huce ya koma ƙasa da 40 kafin yadi mai kaki ya shiga. Kakin kyandir zalla yana farfashewa, na zuma zalla yana da tsada kuma yana da wuyar cirewa. A gauraya su: kashi 60 na kyandir, 40 na zuma. Idan kina son jijiyoyin tsaga su yawaita ki ƙara na kyandir. Lokacin shafawa ki duba bayan yadin. Idan kakin bai ratsa ba, ya yi fari ya zauna a sama, bai yi zafi ba. Idan yana hayaƙi a tukunya ya wuce kima, a rage wuta nan take.

Malamin Situdiyo: Game da zanen mutum, gara a faɗi gaskiya tun yanzu. Darasin zane na shekarun farko yakan haɗa da siffar mutum, saboda mai tsara riga ko kujera ko marfin kofi dole ya san gwargwadon jiki. Sassaƙa mutum-mutumi kuwa aikin Fine Arts ne. Wanda ya shiga ɓangaren yadi ko yumɓu yana iya gina duk furojet ɗinsa a kan dagi, da zayyanar bangon gidajen Zazzau, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya. Iyali su tambayi malamansu na addini su yanke shawara da sani, ya fi yaro ya shiga ya tsinci abin a aji.

Ɗan Suleja: Jama'a kun daɗe a kan rini, ku ba yumɓu wuri. Idan ana neman hujjar cewa ilimin awo da hannun gado suna buƙatar juna, a dubi Ladi Kwali. Gwanar ginin tukwanen Gbagyi ce tun kafin Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Siffar tulunta da zanenta nata ne, abin da cibiyar ta ƙara shi ne haɗin yumɓu mai jure zafi, da ruwan ƙyalli, wato shafin da ke narkewa a wuta ya zama kamar gilashi, da tanderu mai kai digiri 1200 da ɗoriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan naira ashirin.

Amma ga darasin da ake mantawa. Tulun da aka gasa da irin wannan zafi aka shafe shi da ƙyalli ya yi nauyi, kuma ya daina tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya zama kayan ado. Randar kasuwa da ake gasawa a fili da kara da ciyawa, zafinta bai cika wuce digiri 700 zuwa 800 ba, ƙofofin jikinta a buɗe suke, shi ya sa ruwanta ke sanyi, kuma shi ya sa tukunyar ƙasa ke zama a kan murhu ba ta fashe ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai ce ƙarin zafi kullum ci gaba ne ba. Amfanin kaya shi ke zaɓar zafinsa.

Injiniyan Tanderu: Ɗan'uwa ka taɓo wurin. Bari in shimfiɗa abin da ɗalibin yumɓu ke yi kafin ya gina ko kofi guda, don a ga inda shekarun ke tafiya.

An haƙo yumɓu. A shanya shi ya bushe ƙarau, a farfasa, a jiƙa kwana biyu, a dama ya zama kunu, a tace da rariya mai ido 30 zuwa 40 a kowane inci. Tacewar nan ba don tsakuwa kaɗai ba ce. Ɗan guntun dutsen farar ƙasa mai girman ƙwayar gero, idan ya gasu, bayan makonni zai sha laimar iska ya kumbura ya ɓalle gefen kofi a hannun mai saye. Bayan tacewa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwa, a shanya a kan filasta ko buhu, a cuɗa har iska ta fita.

Sannan gwajin ƙanƙancewa. A yi ɗan allo, a ja layi mai santimita 10 daidai yana ɗanye. Ya bushe a auna, a gasa a sake aunawa. Idan ya koma 8.8, yumɓun yana raguwa da kashi 12 cikin ɗari. Ke nan mai son kofi mai tsayin santimita 8 sai ya gina shi 9.1. Wanda bai yi wannan ba shi ne marfin butarsa ke ƙin zama. Sai gwajin shan ruwa: a auna gasasshen allon, a dafa shi awa biyu, a bar shi ya kwana a ruwan, a goge a sake aunawa. Kayan cin abinci ana so ƙarin nauyin ya gaza kashi 3.

Jan yumɓun fadama yana da ƙarfe da yawa. Da ya haura digiri 1100 zuwa 1150 sai ya fara kumbura ko ya lanƙwashe. Maganinsa a gauraya shi da kawolin, wato farin yumɓu mai jure zafi, irin wanda ake haƙa a Kankara ta Katsina da Alkaleri ta Bauchi. Ba a yin gaurayen da ka. Ana jera gwaji: 90 da 10, 80 da 20, 70 da 30, har 50 da 50, kowanne da lamba a bayansa, a gasa su tare a zaɓa. Kawolin ya yi yawa, yumɓu ya rasa danƙo ya ƙi ginuwa. Ya yi kaɗan, ya narke.

Gashin farko kuwa haƙuri ne. Awa biyu zuwa uku na farko ba a wuce digiri 200, a bar ƙofar leƙe a buɗe tururi ya fita. Fashewar da ake ji a tanderu kusan kullum ruwa ne da bai gama fita ba, musamman a gindin kaya mai kauri. Wajen digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yana buɗewa farat ɗaya, haka kuma yana tsukewa idan ana hucewa, saboda haka a bi wurin a hankali hawa da sauka. A tsaya tsakanin 950 da 1000. Kada a buɗe ƙofa sai ya sauko ƙasa da 150, duk ɗokin da ake yi.

Baba Marini: Injiniya, matan da ke gina randa a ƙauyukanmu suna gasa ɗari a dare guda ba ma'aunin zafi.

Injiniyan Tanderu: Haka ne Baba, kuma akwai dalili. Suna zuba dakakken tsingaro ko yashi ko ƙaiƙayi a yumɓunsu, jikin ya zama a buɗe, tururi ya sami hanya. Sun san yumɓun kududdufinsu ɗaya ɗin nan kamar yunwar cikinsu. Amma a kai su garin da yumɓunsa ya bambanta, ko otal ya ce yana son faranti 300 masu faɗi guda waɗanda miya ba ta ratsa su, a nan littafin gwaji ke shigowa.

Ɗan Suleja: In ƙara a kan ruwan ƙyalli, don nan kuɗin ɗalibai ke ƙarewa idan sun dogara da na kanti. Akwai tsohon haɗi da kowane mai koyo ke farawa da shi: tokar itace kashi 40, felsfa (garin wani dutse mai narkewa a wuta) 40, yumɓu 20, a gasa wajen digiri 1250 zuwa 1280. Tokar a jiƙa ta a tsiyaye sau biyu ko uku, a tace da rariya mai ido 80, kuma a sa safar hannu don ruwanta yana cin fata. Tokar itace tana narkarwa. Tokar buntun shinkafa kuwa kusan duk silika ce, wato sinadarin yashi, ita kaɗai ba ta narkewa, sai dai a sa ta a madadin dakakken farin dutse. Ɗalibai kan ɗauka toka toka ce, su fito da kwano mai kaushi.

Kaurin shafi ya kai kamar kaurin katin waya. A goge gindin kaya tas, in ba haka ba ya manne da allon tanderu, a yi asarar biyun. Sannan babbar magana: dalma. Akwai masu kwaso garin tsohon batir don ƙyalli ya narke a ƙaramin zafi. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai bari ta kusanci kwanon abinci ba. Tsami, ko na lemo ko na tsamiya, yana jawo ta daga jikin kwano zuwa abinci.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu a nan Nijar mafi yawan wannan ilimi a hannun masu sana'a yake. Tukwanen Mirya, azurfar Agadas, fatar jar akuyar Maraɗi, da masu aiki a gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai. Masu sayen da ke fitar da kaya waje abin da suke kuka da shi guda ne: jaka ta farko ta yi kyau, ta hamsin ta bambanta da ita a girma da launi, wani lokaci kuma fatar tana wari idan ta sha damina. Shin wanda ke son fata, Industrial Design zai nema?

Malamin Situdiyo: Maraba da ɗan'uwa. Mai son jima da sarrafa fata ya fi dacewa ya dubi NILEST da ke Samaru, Zariya, cibiya ce ta fata, tana ba da difloma. Warin da ka ambata yawanci daga abu biyu ne: ba a kankare kitse da nama sosai ba, ko bagaruwa ba ta ratsa tsakiyar fatar ba. A yanki gefen wuya, inda ya fi kauri, a duba. Idan akwai farin layi a tsakiya, jima ba ta kai ba. Bambancin girma kuwa maganinsa fatun na kwali mai tauri ko farantin ƙarfe ga kowane ɓangare na jaka, da alamar inda ɗinki zai bi. Masu son digiri a irin wannan fanni daga Gana kuma suna da jami'ar KNUST ta Kumasi, wadda ke da sashen da ya haɗa fata da yumɓu da ƙarfe da saƙa.

Mai Shago a Kwari: Ku yi haƙuri in watsa ruwa. An gama digirin, aiki ina? Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 tana rufe. Masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Atamfar da ke cike da Kantin Kwari daga Sin take zuwa. Wa zai ɗauki mai zayyanar yadi?

Hajiya Mai Zayyana: Alhaji, ba a ɓoye wannan ba. Wanda ya shiga da niyyar masaƙa ta ba shi ofis ya sake tunani. Amma ka fi kowa sanin cewa 'yan kasuwar Kwari da ke aika oda waje suna aika zane ne, kuma wani ne ke zana shi. Masana'anta ba ta karɓar hoto mai kyau kawai. Tana son zane mai maimaituwa ba tare da an ga gaɓa ba, da kowane launi a shafinsa, da lambar launi. Hanyar koyon maimaici tun a takarda ake fara ta: a zana tsakiya, a yanka takardar gida huɗu, a musanya ɓangarorin ta yadda gefuna za su koma tsakiya, a cike gurbin. Idan ba a yi haka ba, da an buga turmi guda za a ga layi yana bin tsawon yadin.

Mai bugawa da kansa da allon siliki, raga mai lamba 43 ake amfani da ita ga yadi. Kowane launi allonsa daban, da alamar daidaitawa a kusurwa. Bayan bugu sai tawada ta sha zafin digiri 150 na minti 3 zuwa 5, ko a goge ta baya da dutsen guga mai zafi. Rigunan makaranta da na kamfen da rubutunsu ke fita a wanki na biyu, wannan matakin aka tsallake.

Mai Ɗab'i: A ɓangarenmu aiki bai yanke ba: kwalin kaya, lebur na ruwan leda da man shafawa, kalanda, littattafan makaranta. Sai dai yaran da ke zuwa SIWES kurakuransu ba sa canjawa. Su tsara aiki da launin fuskar kwamfuta, RGB, alhali injin da CMYK, wato launukan tawada huɗu, yake bugawa, shuɗi mai haske ya fito a dushe. Su ɗauko hoto daga WhatsApp, alhali ɗab'i yana son ɗigo 300 a kowane inci. Su manta barin milimita 3 a gefe don yanka. Sannan wanda ya shafe mu kai tsaye: ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffa ba su da su, sai a buɗe fayil a wata kwamfutar su koma akwati, ko su fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma. A zaɓi salon da ke ɗauke da su tun farko, kuma kafin a kawo fayil ɗin CorelDraw a mayar da rubutun duka zane.

Mai Shago a Kwari: To kuɗin karatun fa? An ce ya fi na sauran kwasa-kwasai ci.

Malamin Situdiyo: Kuɗin makaranta ba shi ne nauyin ba, kayan aiki ne. Takarda, fenti, yadi, launi, kaki, filasta, gas na tanderu, daga baya kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kusan duk daga aljihun ɗalibi. Ana rage shi ta hanyar haɗa kuɗi a sayi launi da sinadarai da kilo a raba, a kuma cika tanderu tare, don gas ɗin da zai gasa kaya 20 kusan shi ne zai gasa 80. Kafin a zaɓi makaranta a je da ƙafa a duba: tanderunsu yana aiki? Injin juya yumɓu nawa ne ke juyawa, ɗalibai nawa ne a kansu? Masaƙa tana da zare a kai ko ƙura? Amsar wannan ta fi sunan jami'ar muhimmanci. Kuma wata shida na SIWES kada a ɓata su a ofishin da za a riƙa sa hannu kawai. A kai su karofi, ko masana'antar tayil irin ta Ajakuta, ko maɗaba'a, ko gaban masaƙi.

Baba Marini: Wannan na ƙarshen na yarda da shi. A turo su. Amma sharaɗi: wata na farko ɗebo ruwa da tace toka da wanki ne, ba mai taɓa shaddar mutane. Su zo da littafin nasu da sikelin, mu ga ko abin da hanci ke ji zai rubutu.

Ƙanwar Kowa: Yaya Ɗan Suleja, tambaya ta ƙarshe. Kofi ya fito lafiya, bayan kwana biyu ƙyallinsa ya yi tsaga-tsaga sirara, har ana jin ƙara. Wuta ce ta yi yawa?

Ɗan Suleja: Ba yawan wuta ba ne, ƙanwata. Ƙyallin ne ya fi jikin kofin tsukewa lokacin hucewa, sai ya ja ya tsage. Ki ƙara silika a haɗin, kashi 5 a gwaji na farko, 10 a na biyu, ki rage kaurin shafi, kuma ki tabbata jikin ya gasu sosai, don jiki mai shan ruwa yana kumbura daga baya ya tsaga ƙyallin ko da ya fito lafiya. Ki shafa tawada a kan allon gwajin ki goge, tsagar da ido bai gani ba za ta bayyana. Allon da ya ci wannan gwajin, ki sa shi a firiza ya kwana, ki fitar ki tsoma a tafasasshen ruwa, sau uku, ki sake shafa tawadar. Kofunan da suka riga suka tsage kuwa kada a sayar da su don shayi, a zuba musu biro ko fure.